Sada Wanzami Ya Rasa Abokiyar Faɗa

Duk Yalwan Damai an san Sada wanzami da kaifin aska da kaifin harshe. Mutum ɗaya ce ke iya kayar da shi a magana, matarsa Kulu. Tun suna da ƙuruciya suke musu, kan gishirin miya, kan akuya, har kan ko hadari zai zubar da ruwa.

Shekarar da motoci suka koma bin hannun dama a titi, zazzaɓi ya kwantar da Kulu, ta ce ga garinku nan.

A zaman makoki wani dattijo ya ce, "Allah ya ji ƙanta. Mace mai haƙuri, ba a jin muryarta."

Sada ya ɗago. "Wa? Kulu? Malam, ko dai ɓatan gida ka yi?"

Liman ya yi gyaran murya, mutane suka sunkuyar da kai suna danne dariya.

Bayan sadakar bakwai gida ya yi tsit. Sada ya shiga neman rigima a gari, amma tausayi ya hana kowa tanka masa. Ya ce wa Haladu mai nama tsirensa jijiya ce zalla. Haladu ya ce, "Gaskiyarka, Baba," har da ƙara masa tsinke. Sada ya koma gida ya kasa ci. Ya rame, askarsa ta yi tsatsa a zabira.

Ana nan sai ga A'i, ƙanwar Kulu, daga Gwaram. Ciwon ƙafa ne ya hana ta zuwa da wuri. Ta dube shi sama da ƙasa.

"Yaya Sada, wannan riga ce ko tsumman goge tukunya? Wanzami guda, gemu kamar na bunsuru!"

"Ke da kika zo gaisuwa bayan an naɗe tabarmi?"

Suka kaure da musu. Ana cikin haka sai ya zauna bakin turmi ya yi kukan da bai yi ba ranar jana'iza. A'i ma ta fashe da kuka. Da suka share hawaye ta tuƙa tuwo, ya cinye tas yana kushe miyar.

Daga nan ya wasa askarsa ya koma aiki. Lokaci-lokaci yakan hau mota zuwa Gwaram, A'i ta wanke shi tatas mijinta na dariya, ya dawo da fara'a. Haka ya yi har ƙarfinsa ya ƙare.