Karan Awon Motar Baba

Ranar wata Talata, a kakar shekarar da na shiga aji uku na lakwal, wato makarantar boko, motar babana ta shigo gidanmu na Gidan Amumune a karkace kamar jakin da aka yi wa lodi gefe ɗaya. Tsohuwar bashe ce mai buɗaɗɗen baya, wadda in ta taso daga Mayahi matan garinmu ke jin tarinta su ɗora tukunya. Malam Sani makanike ya kwanta ƙarƙashinta, ya fito da rairayi a gemu, ya ce pon ya tsage, wato ƙaton ƙarfen nan da ke riƙe da ƙafafun baya biyu. Ga wake jibge a gona yana jiran a kai shi kasuwa.

Kirik ɗinmu na ɗaga mota guda ne, don haka maza takwas suka ɗaga bayanta aka ɗora ta kan turamen Inna biyu, daka ya koma gidan maƙwabta. Ni kuwa daɗi kamar ya kashe ni. Da na dawo daga rijiya sai in tsuguna gefe in yi ta leƙen yadda ƙarfe ɗaya ke ɗauke da buhu ashirin da fasinja har da awakinsu.

Motar ta sha gyara har ba wanda ya san asalin bayanta, Malam Sani ma cewa ya yi motoci bakwai suka taru suka haife ta. Sai aka yanko karan gero miƙaƙƙe aka auna tsawon tsohon pon, aka jingine a zaure don Kawu Idi, ƙanen Baba, ya tafi da shi Maradi wurin masu tsofaffin kayan mota. A lokacin ina ƙera motar kara, kuma na rantse tawa ma sai ta yi pon. Garin nan yana da karan da ya isa a kewaye duniya da danga, amma idona bai ga mai kyau ba sai na zaure. Na datsi tsawon tafin hannu, na goge bakin da ƙasa.

Bayan kwana biyu Kawu ya dawo da ƙarfen, aka jawo shi ƙarƙashin mota, ramukan kusoshi suka ƙi haɗuwa. Baba ya ce Kawu cin kilishi ya je yi Maradi. Kawu ya shimfiɗa karan kan sabon ƙarfe, daidai. Aka gwada da tsohon, ya gaza. Sai ido ya koma kan Malam Sani, wai shi ya yi awon banza. Dattijon ya fara tattara kayan aikinsa a buhu. Ganin haka ne ya kai ni ɗaki na ɗauko motata ta kara.

Baba ya zare guntun karan ya haɗa da babban, suka zauna daidai. Malam Sani ya juya motar tawa ya daɗe yana dubawa, sannan ya ce: "Alhaji, kada ka taɓa shi. Kaf gidan nan shi kaɗai ya sa pon ya zauna." Baba ya ba shi haƙuri a gaban kowa, sannan ya yanke mani hukunci: ni zan raka Kawu mayar da ƙarfen, karan a ɗaure a hannuna, in ya ragu da ƙwayar gero in nemi wani uban. Haka na fara ganin Maradi, rungume da kara kamar jariri.

Yau in motata ta lalace, ɗana ke ɗaukar hoton lambar ƙarfen da waya, kafin la'asar an aiko shi, kuma bai taɓa gazawa ba. Ba a tara maza takwas, ba mai tsugunawa ya leƙa. Har yanzu ban ga yaron ya tambayi abin da ke riƙe da ƙafafun ba.