Tafiyar da Baba ya yi a zaure

Ana sanar da 'yan uwa da abokan arziki cewa mahaifina ya taɓa kaiwa Damaturu a kan babur ba tare da ya fita daga gidanmu na Gwange ba.

Bayan samun 'yancin kai ne, kafin a haife ni, amma an ba ni labarin har na haddace. Baba ya dage sai ya je Potiskum sunan ɗan ƙanwarsa a kan sabon baburinsa, ga shi da ciwon baya. Inna ta ce ta yarda, amma sai ya fara zama a kansa a zaure tun daga hantsi har la'asar, yara suna jijjiga shi kamar yana kan hanya.

Ana cikin haka Ba Modu maƙwabcinmu ya leƙo, ya gaishe shi da yarensu.

"Wushe, Malam! Ina aka kai?"

"Mun wuce Benishek," in ji Baba, fuska a ɗaure.

Da azahar ya ce ya iso Damaturu, zai sauka ya yi salla. Ƙafa ta ƙi ɗaguwa.

"Malam, ai daji ne nan," in ji Inna. "Wa zai sauke ka?"

Ba Modu ne ya sauke shi. Washegari a motar haya Baba ya tafi.

Na daɗe ina kiran wannan muguntar Inna. Yau da nawa bayan ya fara ciwo, na janye maganata. Ku ma an taɓa yi wa wani irin wannan jarrabawar a gidanku?