Algaitar Saja da Binciken Aurena

A shekarar da sojoji suka miƙa mulki suka koma bariki, ɗaya daga cikinsu ya faɗo gidan hayarmu a Kakuri. Tsohon saja ne mai busa a badujalar soja, mutumin kudancin Kaduna. Ya yi ritaya da akwatin ƙarfe da wata baƙar algaitar Turawa mai maɓallai, wai ita kilarinet. Ni lokacin saurayi ne ina aiki a masaƙa, kuma Allah ya yi ni da shisshigi. Na ce ya koya mini.

Na zaci waƙa zan koya. Ina! Abin da Saja ya sani shi ne sikel: do re mi, ka hau har sama, ka sauko, ka sake hawa kamar mai gyaran kwano ya manta guduma a ƙasa. Duk yamma in na taso aiki sai mu zauna bakin rijiya. Da na kai tsakiya sai abar ta tsandara ihu, kajin gida su watse.

"Again!" in ji Saja. "Kar ka kumbura kumatu, my friend. Ƙasa ta koma farar hula, amma nan wurin soja ke mulki."

Ana cikin haka maganar aurena ta taso da wata yarinya 'yar Tudun Wada. Ina sonta har ba na iya cin tuwo sosai. Iyayenta suka tura kawunta, wani Alhaji mai sayar da yadi, ya yi bincike a kaina. Maƙwabta suka ce ba na sha, ba na caca, ina salla. Sai mai shayin bakin layi, wanda har gobe ban yafe masa ba, ya ƙara da cewa, "Sai dai fa yana busa."

Gidan su yarinyar kuwa ba sa ba maroƙi 'ya. Ranar Asabar sai ga Alhaji da kansa, ya nemi benci ya zauna, ya ce in busa ya ji da kunnensa.

Hankali ya ce in ɓata busar da gangan. To amma ga Saja tsaye ya harɗe hannu, ga matan gida sun leƙo, ga ni da girman kai. Na gyara tsayuwa, na ja numfashi, na hau. Do, re, mi, na wuce wurin ihun nan lafiya lau, na taɓa sama, na sauko sumul. Tunda na fara koyo ban taɓa yin haka ba. Kaji ko motsi ba su yi ba. Na ga idon Saja ya kawo ruwa. Ni kuma na tabbata na busa aurena ya bi iska.

Alhaji ya jira. Da ya ga na sauke, ya ce, "To, bismilla, fara."

"Ai na gama, Baba."

"Wa ka wasa a ciki?"

"Ba kowa."

"Tun yaushe kake wannan?"

"Tun kafin damina, Baba."

Ya juya wajen Saja. "Malam, nan gaba zai kai ga waƙa?"

Saja ya ƙame. "Alhaji, sai ya gama sikel ɗin duka tukun. Wannan na farko ne."

Alhaji ya yi dariya har hularsa ta zame. Ya miƙe, ya dafa kafaɗata, ya ce in kwantar da hankalina. Daga baya na ji abin da ya faɗa wa iyayen: "Yaron nan ba maroƙi ba ne. Ko ya so zama, yunwa ce za ta kashe shi. Ku ba shi."

Aka ba ni. Ranar ɗaurin aure kowa na yi mini barka, ina murna, wallahi ina murna, amma maganar nan na ci na a rai. Saja ma ya yi fushi, ya ci shinkafar biki yana harare-harare.

Muna tare da ita har yau, da jikoki. Kwanaki na ce mata, "Kin san busar da na yi wa Kawu ita ce mafi kyau a rayuwata?"

Ta ce, "Na sani, Malam. Shi ya sa kullum nake gode wa Allah da ba ta fi haka ba."