Kaka Rifkatu da Ƙahon Maƙeri

Gidanmu yana bayan tashar motocin Maraɗi a Jibiya, kuma mu kaɗai ne Kirista a layin. Babana direba ne, kwanansa a hanya ya fi na gida yawa, don haka mahaifiyarsa, Kaka Rifkatu, ita ta raine mu. Da an gama cin tuwo, kafin garwashin murhu ya mutu, sai ta jawo 'yar kujerarta ta tura gyaɗa cikin toka. Yaran maƙwabta kan shigo bayan sallar magariba, mu cika tabarma ɗaya.

Kaka ba ta iya karatu ba, amma tana da Littafi Mai Tsarki naɗe cikin farin ƙyalle, ba ta taɓa shi sai ta wanke hannu. Zabura kuwa a ka take, ta ɗauke ta daga bakin mutane. In za ta ambaci sunan Yesu sai ta rage murya, kamar yana bayan zana yana ji.

"Ku matso, ga wata ta iso," take cewa. "Wanda ya yi gyangyaɗi ba shi da gyaɗa."

Tatsuniyar da ta fi maimaitawa ita ce ta wani gari da ke gindin dutse. Duk shekara in damina ta yi jinkiri, mutanen garin sukan tuɓe takalma su hau dutsen, tafiyar yini guda, su durƙusa su roƙi Allah ruwa. Ana nan sai wani maƙeri ya ji tausayin tsofaffi, ya ƙera ƙahon da ke kai murya har sama. Aka busa daga ƙofar gari, ruwa ya sauka. Baɗi aka busa daga tsakar gida. Daga baya mai ƙahon ko tashi daga shimfiɗa ba ya yi. Ciyawa ta cinye hanyar dutse. Wata shekara ƙahon ya tsage, maƙerin kuma ya daɗe da rasuwa. Suka fito suna kallon dutsen, babu wanda ya san ta inda ake hawa.

Na tambaye ta, "Kaka, Allah ya yi fushi da su ke nan?"

"Fushin mi? Shi yana nan inda suka baro shi. Gwiwarsu ce ta mance, ɗiyata."

A lokacin dariya muka yi, muna kwaikwayon busa da tafin hannu.

Yanzu ni ma na auri direba, Ishaya, muna da 'ya ɗaya, Murna. Da hanyoyi suka lalace saboda 'yan bindiga, muka rage zuwa addu'ar Laraba. Fasto ya koma aiko da wa'azi ta waya, zumuntar matan coci ta koma guruf a waya. Ba zan ce abin bai taimaka ba. Ina wanke-wanke ina sauraro, in an roƙi addu'a domin mara lafiya sai in rubuta "Amin" in wuce. Ban ankara ba na shekara ban durƙusa ba.

Sai aka yanke sabis na waya a yankinmu gaba ɗaya. A cikin makon ne Ishaya ya kai kaya Maraɗi, kwana biyu bai dawo ba, aka kuma ce an tare motoci a hanya. Na je bakin iyaka, jami'an namu suka ce ba su da labari. Na dawo gida na zauna riƙe da wayar, ina latsa ta ina sake latsawa.

Murna ta ce, "Mama, mu yi wa Baba addu'a mana."

Muka durƙusa. Na buɗe baki, babu abin da ya fito. Na nemi Zaburar da Kaka ke yi mana, layi biyu na samu, sauran sun ɓace. Yarinyar tana jira, idonta rufe. Ni dai kuka na yi, ita ta ce amin.

Rana ta uku Ishaya ya dawo lafiya, ashe 'yan duwan, wato kwastan na Nijar, ne suka riƙe motarsa. Na gode wa Allah, na kuma yi alkawarin gyarawa. A da na ɗauka maƙerin ne mai laifi a tatsuniyar. Yanzu na ga mutumin kirki ne, kuma da ina garin ni ma da na busa. Abin da har yau ban gano ba shi ne yadda mutum zai karɓi sauƙi bai yar da tsoron Allah a hanya ba.

Sabis ya dawo bayan watanni. Ran Lahadin da ta wuce ana Jibin Ubangiji, inda ake raba gurasa don tunawa da mutuwar Yesu, coci ya yi tsit, gurasar tana tafina na dama. Wayar ta motsa cikin jaka. Na san abin da ke hannuna sarai, amma sai da na leƙa.