Tsiryoyin Malaz

Ban yi maƙiyi a Riyad kamar tsirya ba. Koriyar tsuntsuwar nan ce mai jan baki da doguwar wutsiya, wadda a gida ake sa wa a keji don ado. A can kuwa garke guda suke yawo, ba kunya ba tsoron Allah.

Lokacin ina aikin lambu a wani tsohon gida a unguwar Malaz. Mahaifiyar kafilina, wato ubangidan da ya ɗauke ni aiki, tsohuwa ce, ƙafa ta ƙi. Kullum da hantsi 'yar aikinta kan turo ta a keke zuwa gindin dabino, ni kuma in zuba gero a faranti uku da aka rataye, ta zauna tana kallon kurciyoyi suna ci. Sadaka take yi wa mijinta da ya rasu. Ban da wannan ba ta fita ko'ina.

Sai 'yan iskan nan suka gano wurin. Su sauko da ihu kamar ana rabon gado, su fatattaki kurciyoyi, su watsar da gero, wanda ba su ci ba su yi kashi a kai. Na sa raga, suka datse ta da baki. Na sauya wa farantan wuri, suka riga ni zuwa. Akwai wata mai guntuwar wutsiya da kan tsaya a katanga tana kallona ido cikin ido. Da na kama ta, da na gasa.

Rannan tsohuwa ta ce mini, "Ya waladi, kore mini su. Halas, ya isa haka, na gaji."

Ni mutumin Maradi ne, a gonar gero na tashi, korar tsuntsu ba sai an koya mini ba. Na tara gwangwanayen madara, na zuba musu tsakuwa, na jera su a igiya daga dabino har katanga. Suna sauka na fizgi igiyar da iya ƙarfina, ina kurma ihu irin na gona. Suka tashi fir! Wallahi na ji sanyi har cikin raina. Kwana uku ina yi, har maƙwabci ya leƙo ko lafiya.

Abin da na manta, a gona kowane tsuntsu ɓarawo ne, shi ya sa ba a zaɓe. Tsirya ba ta daɗe ba ta gane gwangwani ba ya cizo. Rana ta huɗu suka dawo, har suna lilo a kan igiyata. Kurciya kuwa matsoraciya ce, ko ɗaya ba ta dawo ba.

Na kwance komai, na share wurin, na zuba sabon gero. Mako guda ana turo tsohuwa tana jira, tsiryoyi suna wawashe sadakar mijinta a gabanta. Ba ta zage ni ba, ni kuwa gara a ce ta zage ni. Ranar ƙarshe ta daɗe tana duban farantan, sannan ta ce wa 'yar aikin, "Yalla, mayar da ni ciki."

Washegari ta aiko a ce in sauke farantan. Har na bar gidan ban sake ganin ta a lambu ba.