Tabon da ya hana ni batir

Ni da maƙwabcina, wani malamin makaranta Batangale da ya yi ritaya, ciwo ɗaya muka yi. Zuciya ce ta gaji, ƙafa ta kumbura, ga haki. Mota ɗaya muke shiga daga Barunde zuwa asibiti, ina tsokanarsa cewa shi zai riga ni, tunda ya girme ni da shekara shida.

Likita ya ce akwai batir da ake sa wa a ƙirji, da siraran wayoyi masu daidaita bugun zuciya, amma sai an san inda waya za ta zauna. Aka yi mana hoto iri biyu: wanda ake shafa mai a ƙirji, da wanda ake tura mutum cikin na'ura, shi wannan sai da muka je Kano. Likitan ya ɗora wannan a kan wancan. Na farko ya nuna ɓangaren da ke makara wajen bugawa, na biyu ya nuna ko naman wurin yana da rai.

Na Malam garau, aka yi masa aikin sa batir. Nawa kuwa tabo ne shimfiɗe daidai inda ake buƙata, wai na taɓa samun bugun zuciya ban sani ba. Aka ce mini in ci gaba da shan magani.

Na yi masa barka, amma wallahi baki ne kawai. Ni da ban taɓa ƙyashin shagon kowa ba a Kasuwar Gombe, sai ga ni ina hassadar tsokar zuciyar tsoho. Wata uku da aikin ya koma sa takalmi sau-ciki. Ina kallonsa ta taga yana ban ruwan shukokinsa, ni ko masallacin layinmu sai na huta sau biyu.

Abin da ya fi ci mini rai, kullum da la'asar sai ya zo mu taka. Yana jan ƙafa, yana tsayawa inda nake tsayawa, har da hakin ƙarya. Ran nan na ce, "Malam, don Allah bar wasan nan. Yi tafiyarka in gani."

"Haba Alhaji, ai tare muke."

"Na ce ka tafi!"

Ya dube ni, ya tafi. Kafin numfashina ya dawo ya sha kwana. Na jingina da katangar mutane na yi kuka, don yadda yake tafiyar nan haka ni ma nake tafiya a da.