Malam Sahabi da Tsohuwar Kwamfutar Rediyo

Kowace safiya, kafin a buɗe tasha, Malam Sahabi ne ke fara isa ƙaramin gidan rediyon nan na Belbeji. Yakan jingine kekensa, ya duba batiran sola, sannan ya durƙusa gaban tsohuwar kwamfutar da ke ƙarƙashin teburi, ya kara kunne yana sauraron kukan fankarta. Masu sauraro ba su san muryarsa ba, don bai taɓa riƙe makirufo ba. Shekara da shekaru yana nan, kuma a ƙarshen watan nan zai aje aiki.

A cikin kwamfutar nan ake aje saƙonnin mutanen daji. Ran kasuwa makiyaya ke shigowa, a ɗauki muryarsu da Tamajak ko Fillanci, a yi ta maimaitawa har wata kasuwa ta zagayo: raƙumi ya ɓata, rijiya ta rufta, wane na neman wane. Na'urar ta tsufa, tana yawan sanƙarewa. Sahabi ya daɗe yana roƙon a sake mata furosesa, wato ɗan ƙarfen nan mai faɗin akwatin ashana da ke yi mata tunani. Sau da yawa ana aiko masa da sababbi, ya juya su a tafin hannu, ya mayar cikin kwali.

"Kowane furosesa da gurbinsa a jikin babban allo," in ji shi. "Allonmu tsoho ne, sai ɗan zamaninsa. In ka tilasta, ka kashe su duka biyun."

Ana tsakiyar bazarar bana, wani dattijon makiyayi mai suna Rissa ya zo ran kasuwa, aka ɗauki muryarsa yana kiran ƙanwarsa da ke rijiyoyin arewa: tsohuwarsu na kwance, tana ta ambaton sunanta. Ya yi godiya ya koma daji. Kafin saƙon ya fita, zafi ya ƙone tsohon furosesa, kwamfuta ta mutu da muryar a ciki. Radiya, mai gabatar da shirye-shirye, ta yi ta nanata saƙon da Hausa, alhali ta san matan rijiyoyin can ba Hausa suke ji ba.

Daga Damagaram aka samo sabon furosesa da ya dace da gurbin. Sahabi ya sa shi, ya zauna daram. Ya kunna, fanka ta juya, fuskar kwamfuta ta tsaya baƙi ƙirin.

"Baba, ba kun ce wannan ne daidai ba?" in ji Radiya.

"Ya shiga, 'yata, amma allon bai san shi ba. Sai an sabunta ɗan umarnin da ke cikin allon tukuna, kuma ba a sabunta shi sai da tsohon furosesa mai rai. Namu ya ƙone."

Ya san inda irinsa yake, sai dai bai so zuwa ba. Amininsa Lawali, mai shagon buga takardu a Gangara, ya rasu bara, ya bar kwamfuta irin tasu sak. Haka Sahabi ya hau bayan motar kasuwa, rana na dukansa, ya je ya yi sallama da Asibi, matar marigayin. Ta kai shi ɗaki, ga na'urar lulluɓe da zane.

"Malam, tun da ya tafi ban bar kowa ya taɓa ta ba. Hotunan yaranmu suna ciki, da nasa."

"Hotuna ba a nan suke zama ba, Asibi, wurinsu daban. Aron furosesa kawai na zo yi. Da hannuna zan dawo da shi in mayar."

Ta daɗe tana kallon zanen. Sannan ta yaye shi, ta fita tsakar gida don kada ta ga ana buɗewa.

Da ya dawo ne abin da ya daɗe yana ɓoyewa ya fito fili. Gurbin cike yake da 'yan allurai sirara kamar gashi, in ɗaya ta lanƙwashe, allo ya tashi aiki. Ya ɗauki furosesan Lawali, hannunsa na rawa. Ya aje, ya goge tafinsa a riga, ya sake ɗauka. Rawar ta ƙaru.

"Radiya, zo ki riƙe. Dubi 'yar alamar nan ta kusurwa, ki daidaita ta da ta gurbin. Kada ki danna. Sake shi kawai, zai zauna da kansa."

Da hannunta da bakinsa aka sabunta allon, aka cire na aro, aka sa sabon. Kwamfuta ta farka. Muryar Rissa na nan inda aka bar ta, amma ba a watsa ta ba: labari ya riga ya iso cewa an binne tsohuwa, 'yarta ba ta zo ba. Radiya ta ce ranar Sahabi bai ci abinci ba. Washegari ya koma Gangara ya cika alkawarin Asibi, wani maƙwabcinta ya ara masa hannu. Da ya dawo ya ce wa daraktan gidan rediyo ya nemi wanda zai maye gurbinsa.

Malam Sahabi, kai ne ka riƙe wannan tasha da tarkacen da wasu suka zubar. Kai ne mai haƙurin ƙarfe, wanda bai taɓa cusa abu inda ba gurbinsa ba. Mun san saƙon nan guda yana ci maka rai. Ba laifinka ba ne. Dubbai sun isa ta dalilinka, an ga dabbobi, an sadu da dangi, ba wanda ya san sunan da zai gode wa. To, yau mun faɗa, mun kuma gode. Allah ya ba ka lafiya, ya saka maka da alheri.

Ku kuma masu gyaran waya a bakin tashar mota, har yau ba a sami wanda zai gaje shi ba. Zaurensa a buɗe yake. Ku je masa da hannuwanku tun yana iya gaya muku inda za ku sa su.